Yadda Ake Bin Diddigin Labari Kafin a Tura Shi Gaba

Bayan sojoji sun hamɓarar da Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, wani bidiyo ya karaɗe wayoyi daga Maraɗi har Legas. Wani babban mutum ne a gaban makirfo yana share hawaye. Rubutun da aka liƙa masa ya ce ministan kuɗin Nijar ne, wai sojoji sun ba shi awa 48 ya kawo lissafin dukiyar ƙasa ko a bindige shi. Mutumin na gaske ne, hawayen ma na gaske ne. Sai dai Marou Amadou ne, tsohon ministan shari'a, kuma tun 2021 aka ɗauki bidiyon a wani taro da babu abin da ya haɗa shi da juyin mulki.

Akasarin ƙaryar da ke shigo mana waya haka take: tsohon kaya ne aka sake masa kwali. Shi ya sa aikin tantancewa bai kai wahalar da ake zato ba. Abu uku kake nema: wa ya fara faɗa, yaushe, kuma a ina. Malaman hadisi sun daɗe da shimfiɗa wannan hanya, ba sa kallon matani sai sun bi isnadi mutum bayan mutum. Waya mai data kaɗan ta isa, in ka san inda za ka latsa.

Da farko, ɗage yatsanka

Kafin komai, duba yadda saƙon ya taɓa ka. Idan ya sa gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci, ko ka ji wani sanyi saboda ya kunyata ɗan siyasar da ba ka so, to jinkirta. A ganina wanda ya faranta maka rai ya fi haɗari, domin shi ne ba ka da sha'awar bincikawa.

Sai ka dubi jikin saƙon. Tun 2018 WhatsApp ke sa 'yar kibiya a kan saƙon da aka turo daga wani wuri. Idan kibiyar biyu ce, saƙon ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka, kuma tun Afrilun 2020 irin wannan ba ya turuwa sai zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Kibiya biyu ba ta nufin ƙarya ne, tana nufin wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Rashinta kuma ba shaida ba ce, don mai wayo yakan kwafe rubutun ya liƙa shi sabo.

Akwai kalaman da in ka gani sai ka ƙara buɗe ido: "da ɗumi-ɗumi" ba tare da kwanan wata ba, "majiya mai tushe" da ba ta da suna, "kafafen yaɗa labarai sun ɓoye wannan", "don girman Allah kada ka bari ya tsaya a wayarka". Labarin da ke tsaye da ƙafarsa ba ya buƙatar a haɗa ka da Allah kafin ka yaɗa shi.

Daga nan ka tsame ainihin abin da ake iƙirari, ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya. Dogon saƙo yakan cakuɗa gaskiya uku da ƙarya ɗaya. Cewa ana tsadar rayuwa gaskiya ne, cewa gwamnati ta taɓa raba tallafi gaskiya ne, amma cewa wannan adireshin da aka turo shi ne na rajistar tallafin, nan ne abin dubawa yake.

Nemi labarin a wani wuri

Ɗauki kalmomi uku ko huɗu masu nauyi, kamar sunan gari, sunan mutum da abin da aka ce ya faru, ka rubuta a Google. Gwada da Hausa, ka sake da Turanci, in batun Nijar ne ka ƙara da Faransanci. Babban labari ba ya ɓuya. An sha kashe Muhammadu Buhari da baki tun yana jinya a Landan a 2017, har aka ce wani Jubril daga Sudan ne ke zaune a fadar shugaban ƙasa, sai da ya fito a Poland a Disambar 2018 ya ce shi ne dai. Amma ranar da ya rasu da gaske, 13 ga Yulin 2025, kafin a jima BBC Hausa, Aminiya, DW, RFI da gidajen rediyon gari duk sun ɗauka. Idan aka ce wani gwamna ya mutu ko an rufe iyaka, awa uku suka wuce babu kafa ɗaya mai suna da ta faɗa, biri ya fara kama da mutum.

Kula da tarko ɗaya a nan. Ganin labari a shafuka ashirin ba ya nufin majiya ashirin. Karanta biyu ko uku. In ka ga kalmominsu iri ɗaya ne har da kuskuren rubutu, mutum ɗaya ne ya rubuta, saura kwafa suka yi.

Duba kuma ko masu wannan sana'a sun riga ka. Akwai Dubawa da ta fara aiki a 2018, da Africa Check da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2012, da FactCheckHub, da sashen tantance labarai na AFP, da Alkalanci mai aiki da Hausa. Haɗa sunan ɗayansu da kalmomin labarin a wurin bincike. Sau da yawa za ka tarar abin da ya iso zaurenku yau sun warware shi tun bara.

Abin da ya shafi hukuma kuwa, ka je gidanta. Sanarwar kuɗi tana cbn.gov.ng, ta annoba tana ncdc.gov.ng, ta jarrabawar shiga jami'a tana jamb.gov.ng. Ganin watan azumi ko na Sallah a Najeriya daga fadar Sarkin Musulmi ake jin sa, kuma rediyo na sanarwa a daren.

Hoto

Nan ne waya ta fi amfani. Ajiye hoton. Buɗe manhajar Google, za ka ga alamar kyamara a gefen wurin rubutu, wannan shi ne Google Lens. Latsa ta, zaɓi hoton daga ma'ajiyar wayarka. Zai kawo maka shafukan da hoton ya taɓa fitowa. Kada ka tsaya a na farko. Gangara kana duba kwanan wata, abin da kake farauta shi ne mafi tsufa. Idan an ce hoton na harin jiya ne, ka same shi a wani shafi na 2019, magana ta ƙare.

In Lens bai ba ka komai ba, shiga tineye.com, ɗora hoton, ka zaɓi a jera maka sakamako daga mafi daɗewa. Yandex ma yakan kamo abin da sauran suka rasa. Wata dabara: idan an yi rubutu a kan hoton ko an zagaye shi da baƙin gefe, yanke waɗannan ka bar tsakiyar kawai kafin ka ɗora. Masu yaɗa tsohon hoto sukan juya shi, dama ta koma hagu, don ya ɓace wa bincike. In ka ga rubutun allo ko na riga yana karantuwa a baibai, juya shi ka sake gwadawa.

Ko babu manhaja, idonka ma'aikaci ne. Faɗaɗa hoton da yatsu biyu ka bi shi lungu-lungu. Wane hannu motoci ke bi? Najeriya ta koma tuƙin dama tun 1972, Nijar da Kamaru da Chadi ma dama suke bi, amma Kenya, Uganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu hagu suke bi. Da wane harshe aka rubuta allunan shaguna? Wane irin kaki ke jikin jami'an tsaro? Lambar motocin fa? An ce a Katsina ne cikin watan Maris, amma ga ciyawa kore shar da gajimare: wace Katsinar?

Allon gidan mai kuwa kalanda ne mai zaman kansa. Lita a naira 97 na nuna tsakanin 2012 da farkon 2015. Naira 145 ta fara ne a Mayun 2016. Bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 farashi ya haura 500. Don haka hoton dogon layi da aka ce na wannan makon ne, in allon bayansa na cewa 145, ya tona kansa. Haka fastocin zaɓe a bango, da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 da ba su fito ba sai ƙarshen 2022.

Bidiyo

Ba a ɗora bidiyo kai tsaye a waɗannan manhajoji, sai an mayar da shi hoto. Kunna shi, ka tsayar a inda abu ya fito sarai, kamar gini, fuska, allo ko mota, ka ɗauki sikirinshot. Yi haka a wurare uku ko huɗu, musamman daƙiƙun farko, sannan ka bi kowanne da Lens kamar yadda aka yi wa hoto. Mai kwamfuta zai iya saka InVID a burauzarsa, ita take yanka bidiyon da kanta.

Sannan ka kalle shi sau biyu: sau ɗaya da sauti a kashe, sau ɗaya ka rufe ido ka saurara. Za ka yi mamakin yadda ido ke yarda da abin da mai magana ya ce ana gani alhali ba a gani. Mai sharhi na cewa "ga su nan suna ƙona masallaci", amma in ka kashe sauti hayaƙi kawai kake gani a bayan wasu gidaje. A saurare kuma, wane yare mutanen da ke can baya suke yi? Muryar mai bayanin a wurin take, ko ɗora ta aka yi daga baya? In bidiyon daƙiƙa goma sha biyar ne na wani malami ko ɗan siyasa yana faɗin abin mamaki, nemi cikakkensa a YouTube ko Facebook. Sau da yawa yana kawo maganar wasu ne don ya rushe ta, aka datse kafin ya kai ga rushewar.

Ba wasa ba ne wannan. A watan Yunin 2018 an yi kashe-kashe na gaske a yankin Gashish na jihar Filato. Amma binciken da BBC ta fitar a Nuwamban shekarar ya gano cewa cikin abubuwan da aka yaɗa a Facebook a matsayin shaidar abin har da bidiyon da aka ɗauka a Kongo Brazabil tun 2012. Washegarin ranar da aka yaɗa su aka tare hanya, aka fito da matafiya daga motoci, aka kashe mutum 11.

Takardar sanarwa, sikirinshot da adireshin cike fom

Sikirinshot ba hujja ba ne. Yaro mai waya zai haɗa maka "sanarwar" kowace hukuma da tambarinta cikin minti goma. In an ce wani ya wallafa abu, je shafinsa ka gani da idonka. A Facebook, shiga bayanan shafin ka nemi sashen da ke nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa. Shafin da ke kiran kansa gidan jarida, amma watanni huɗu da suka wuce sunansa na sayar da atamfa ne, ka san inda za ka ajiye shi. Shuɗiyar alama ma ta rage daraja, tunda yanzu a X da Facebook ana biyan kuɗi a samu.

Saƙonnin ɗaukar aiki a Kwastam ko NNPC, da na tallafi, da na kyautar data, hanyar gane su ɗaya ce: karanta adireshin a hankali har zuwa inda karan tsaye (/) na farko yake, ban da biyun da ke cikin https://. Abin da ya zo daf da wannan karan shi ne mai gidan. Hukumomin gwamnatin Najeriya galibi da .gov.ng suke ƙarewa. Adireshin da ya sa "gov" a tsakiya amma ya ƙare da blogspot.com ko .xyz ba na gwamnati ba ne. Duk shafin da ya ce sai ka tura wa zaure biyar kafin ka ci gaba, damfara ce, babu wata tantama. Kuma babu hukumar da za ta nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta tes.

Saƙon murya, inda manhaja ba ta da ta cewa

Wannan shi ne ya fi yawa a wajenmu, shi ne kuma ya fi wuya. Ba a neman murya a Google. Ga shi tana shiga zuciya fiye da rubutu, kuma tana kaiwa ga wanda ba ya karatu. Ka san salon: sallama, sai numfashi sama-sama, sai "jama'a, yanzu-yanzun nan wani ɗan'uwana da ke aiki a bariki ya kira ni".

Saurara da biro a hannu. Mai maganar ya faɗi sunansa? Ya faɗi garin da yake? Ya faɗi rana da wata, ko "jiya" da "yau da safe" kawai ya ce? "Jiya" ba ta tsufa, shi ya sa murya ɗaya za ta yi shekara uku tana dawowa duk lokacin da hankali ya tashi. Shi ya gani, ko gaya masa aka yi? Karin harshensa ya dace da inda ya ce yake? Bahaushe ba ya rasa bambance Basakkwace da Bakano da Badamagare.

Sai ka koma ga wanda ya turo maka: "Wa ya turo maka? Ka san mai muryar?" Yawanci a mataki na biyu igiyar ke tsinkewa, a ce "ni ma a wani guruf na gani".

Daga nan sai kiran waya. Nemi wanda ke wurin da ake magana: ɗan'uwa, direban da ke bin hanyar, wani a tasha, mai unguwa, ma'aikacin asibiti, wakilin gidan rediyo. Yadda za ka yi tambayar na da muhimmanci. Kada ka ce "Gaskiya ne an kai hari a garinku?", don mai yiwuwa shi ma saƙon ya gani, sai ya ce maka "haka ake faɗa", ka ɗauka ka samu shaida ta biyu. Ce masa: "Yaya gari? Kasuwa ta ci yau? Motoci na shigowa?" Ka bar shi ya kawo da kansa. In ya kawo, ka tambaya: "Ka gani, ko ji ka yi?"

A nan dole a yi adalci. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, gargaɗin murya ya sha ceton rai, kuma ba kowane hari ne ke kaiwa ga jarida ba. Don haka in gargaɗin hanya ne kuma ka kasa tabbatarwa, ba laifi ka ɗage tafiyarka, ka kira wanda ka san zai bi hanyar ka ce masa ga abin da ka ji, ba ka tabbatar ba. Wannan daban yake da watsa shi a zaure goma. Saƙon da ya ambaci wata ƙabila ko addini ya ce a tashi a rama kuwa, ko kusa kada ya wuce ta hannunka.

Maganar lafiya

A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci saboda ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama suka kwana a asibiti. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: duk saƙon da ya ce ka sha wani abu, ko ka daina shan maganin da likita ya rubuta maka, tambayi likita ko mai ilimin haɗa magunguna kafin ka motsa. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalba ana iya duba ta a rumbun hukumar na intanet mai suna Greenbook.

Kada kuma ka raina mai shakka. Ƙin rigakafin shan-inna da aka yi a Kano a 2003 bai rasa nasaba da gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a garin lokacin sanƙarau na 1996. Jita-jita takan samu gindin zama a kan tabon gaske. In za ka warware ta, amince da tabon tukuna, sannan ka nuna inda aka yi ƙari.

Abin da na'ura ta ƙirƙira

Yanzu ƙirƙirarriyar basira na iya sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarsa. A Mayun 2025 an yaɗa dogon bidiyo na Fafaroma Leo na 14 yana yabon Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso, har sai da kafar labaran Vatican ta fito ta ce haɗi ne. Ana iya lura da leɓen da bai bi magana daidai ba, da murya mai tafiya a miƙe babu numfashi babu tuntuɓen harshe, da rubutun bango da ya zama shirme, da fata sumul kamar an goge. Amma kada ka dogara da waɗannan, don kullum na'urar na gyara kurakuranta. Tambayar farko ta fi ƙarfi: a ina ya yi wannan jawabin, ranar yaushe, kuma me ya sa babu shi a shafinsa ko a wata kafa mai suna?

Bayan ka gano

Sakamako uku ne: gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a tabbatar ba. Na ukun shi ne zai fi yawa, kuma hukuncinsa a bar shi inda yake. A tuna kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi a Najeriya kan abin da suka wallafa. Ana ƙorafin ana amfani da shi wajen takura wa 'yan jarida, ƙorafin kuma na da tushe, amma "turo min aka yi" ba ta hana mutum kwana a ofishin 'yan sanda.

In ƙarya ce, saura gyara, kuma nan ake ɓata rawa da tsalle. Idan babba ne ya turo a zauren dangi, kada ka ƙaryata shi a bainar jama'a, zai kare kansa ne kawai. Bi shi ta gefe: "Baffa, barka da yamma. Bidiyon nan da aka turo maka, na ɗan duba sai na ga ashe na 2021 ne, ga inda ya fara fitowa. Na ce bari in sanar da kai kada wani ya riga mu." Ka ɗora laifin a kan waɗanda suka turo masa, ka bar shi ya janye da bakinsa.

In a zaure za ka yi gyaran, fara da gaskiyar, ka haɗa da adireshin hujjarka, kuma kada ka sake ɗora hoton ƙaryar, don wani hoton kawai zai gani ya ƙara turawa. Ga waɗanda ba sa karatu, yi musu da murya, ka faɗi sunanka da kwanan wata a farko. Wanda ya turo yana da kusan kwana biyu da zai iya goge saƙon ga kowa, shugaban zaure ma WhatsApp ya ba shi ikon goge saƙon wani, sai a roƙe shi ya yi hakan tun kafin dare, lokacin da mutane ke komawa kan waya.